Wata 8 tana lesin fiyano, har yau hannu ɗaya take bugawa

Assalamu alaikum Anti, don Allah a sakaya sunana. Muna zaune a Agege, ina aiki a wani banki a Ailan, wato tsibirin Legas, 5 da rabi na asuba nake barin gida, in goslo ya yi min sauƙi 8 da rabi na dare na shigo. Yarana biyu, mace 'yar shekara 6 da namiji ɗan shekara 4, da rana suna hannun goggonsu ƙanwar babansu da ke zaune da mu, ƙarfe 4 su tafi Islamiyya. Macen ce ta ga fiyano a makarantarsu ta nace, na saya mata kibod na samo ticha yana zuwa gida duk Asabar awa ɗaya, na haɗa da ƙanen. Yau wata 8 kenan ba ta iya buga waƙa ɗaya cikakkiya da hannu biyu ba, shi kuwa namijin ƙarƙashin tebur yake shigewa. 'Yar ƙawata shekararta 7 kullum tana istatus tana bugawa kamar babba, wai har zata zana jarrabawar gired 2. Ni Lahadi kawai nake da ita, in na zaunar da ita bita sai mu kai awa ɗaya da rabi, ƙarshenta kuka, nima raina a ɓace. Babansu ya ce asarar kuɗi ce, Hajiyarsa kuma ta kira daga Katsina tana tambaya wai maroƙiya zamu mayar mata da jika. Anti yarinyar ce ba ta da kai, ko tichan ne, ko ni ce na gaza tunda ba na gida? Ko dai in haƙura kawai?

Maman biyu, Agege

Wa alaikumussalam ƙanwata, sannu da ƙoƙari, sannu da hanya ma, don wanda bai taɓa maƙalewa a Oshodi bayan magariba yana kallon jajayen fitilun motoci iya ganinsa ba bazai gane abin da ke cikin "8 da rabi" ɗin nan taki ba.

Kan yarinyarki lafiya lau yake, na faɗa tun yanzu don kar ki karanta sauran da faɗuwar gaba. Ɗauko biro ki yi lissafi mana. Wata 8 sau ɗaya a sati lesin 30 da 'yan kai ne, ki cire Asabar ɗin da kuka tafi biki, ki cire satin sallah, ki cire ranar da aka tafka ruwa ticha ya kira ya ce hanya ta cika bazai iya ƙarasowa ba, sannan abin da ya rage ki raba shi biyu tunda rabin awar wajen jawo ƙanenta daga ƙarƙashin tebur take tafiya. Awannin da zasu saura a hannunki ko satin makaranta guda basu cika ba. Toh a kan wannan kike so ki yanke wa 'yar shekara 6 hukuncin rashin kai? Haba ƙanwata.

Kuma wannan "waƙa ɗaya da hannu biyu" da kike faɗa kamar shan ruwa, don Allah ranar Asabar ki ce tichan ya zaunar da ke a kujerar ko minti 5 ne. Zai buɗe littafin ki ga layuka biyar a sama, wasu biyar a ƙasa, na sama yawanci na hannun dama ne na ƙasa na hagu, kuma abin haushin shine ɗigon da ya hau layin farko a saman sunansa E, amma wanda ya hau layin farko a ƙasan sunansa G, wuri ɗaya suna daban. Kinga rubutu iri biyu kenan take karantawa lokaci guda, ido yana hawa yana sauka, tana laluben madannin a cikin fararen nan da duk kamarsu ɗaya, tana tuna wanne ne yatsa mai lamba 3, tana ƙirga 1, 2, 3, 4 a ranta don kar ta yi gaba ta bar kiɗan, ga hannun hagu kuma shi burinsa kawai ya kwaikwayi duk abin da na dama ya yi dole sai ta riƙa hana shi. Yarinyar da wataƙila bara war haka tana juya b da d a littafin makaranta. Shi yasa littattafan masu farawa suke daɗewa a hannu ɗaya-ɗaya, ko su raba waƙar na dama ya buga rabi ya miƙa wa na hagu, kuma ko an zo haɗawar ma da farko na hagu sauti ɗaya ko biyu zai danne ya tsaya a kai yana jiran ɗan'uwansa.

Ga kuma jikin kansa. Bayolin, gogen Turawan nan, ana yin sa girma-girma, akwai 1/16, 1/8, 1/4, 1/2, 3/4, yaro yana girma ana canza masa. Fiyano na yau da kullum kuwa babu ruwansa, faɗin madannin da ƙato mai shekara 40 yake dannawa shi 'yarki take dannawa, daga do, sautin farko na do re mi, zuwa do na gaba kusan santimita 16 da rabi ne, buɗe tafin hannunta ki auna ki gani ko zai kai. Yatsan zobe ma, na kusa da ƙaramin, jijiyarsa a haɗe take da ta maƙwabtansa, ke ma ɗora hannunki a tebur ki gwada ɗaga shi shi kaɗai ki ji yadda yake nauyi. Sannan ki leƙa ƙasan kujerar in tana bugawa, na tabbata ƙafafunta reto suke yi a iska, yaron da ƙafarsa ba ta taka komai ba kuwa bazai zauna daram ba, zai yi ta mutsu-mutsu a ce masa mara natsuwa. Ki tura mata kujera 'yar tsugunno ko katan ɗin indomi ta taka, a ɗaga mazaunin da filo har gwiwar hannunta ta yi daidai da madannan. Wannan kaɗai sai ki ga zaman ya canza. Kibod ɗin kuma kar wani ya ruɗe ki wai sai kin sayi babba mai madannai 88, in naki mai 61 ne ya ishe ta a wannan matakin, abin da ya fi muhimmanci ya zama irin wanda in an danna a hankali yake fita a hankali, in an buga da ƙarfi ya fita da ƙarfi.

Toh me ya kamata ki nema a wajenta yanzu? Ki ce ta nuna miki do, in ta duba baƙaƙen madannan nan masu zuwa biyu-biyu da uku-uku ta gano shi a gefen hagu na biyun ba tare da an nuna mata ba, an samu aiki. Ki tafa mata wani ɗan salo, ta-ta-taa-ta, ki ga ko zata mayar miki yadda kika yi. Ki juya mata baya ki danna sauti biyu ta faɗa miki wanne ne siriri wanne ne mai kauri. Tana rera abin da take bugawa? Tana iya buga 'yar gajeriyar waƙa da yatsu biyar ta kai ƙarshe ko da tuntuɓe? Babbar alamar ma ita ce wadda babu mai ba ta maki, wato ki tambayi Goggo ko yarinyar tana zuwa wajen kibod ɗin da kanta ta yi ta dannedanne ba wanda ya aike ta, tana neman wata waƙar makaranta da kunne. In ana samun yawancin waɗannan toh kuɗinki bai faɗa ruwa ba. Haɗa hannu biyu da karanta rubutun ba tare da ƙirga layi ba yawanci sai wajen shekara 7 zuwa 8 suke zama sosai ga wanda ya fara a irin shekarunta, zama a yi bita ita kaɗai babu mai tsaye a kai kuma wannan sai an ƙara girma, kuma yara basa tafiya tare, wani ya yi wata uku kamar an dasa shi sannan sati guda ya yi tsalle.

Yanzu mu zo Lahadin nan, don a nan matsalar take, kuma zan faɗa miki gaskiya ko ba daɗi. Awa ɗaya da rabin nan bashin sati kike biya. Kin yi kwana biyar ba kya gida, zuciyarki tana cin ki, sai ki tattara duk abin da kike jin kin rasa ki juye shi a zama ɗaya, ita kuma abin da ta sani kawai shine ranar da Mama take gida ita ce ranar da ake ɗaure fuska a gaban kibod. Maganin da likita ya ce a sha sau ɗaya kullum na kwana bakwai ai ba a haɗa shi a shanye ranar Lahadi. Hannu da maimaici yake koyo, kaɗan yau, a kwana a kai, kaɗan gobe, abin da ticha ya nuna ranar Asabar in ba a taɓa shi ba daga Litinin har Juma'a toh ya gudu, sati mai zuwa daga farko za a sake, kuma inaga abin da ya cinye muku wata 8 kenan.

Kar kuma ki ce toh bari in na dawo da dare mu riƙa yi. Likitocin barci a Amurka sun ba da ƙa'ida cewa ɗan shekara 6 zuwa 12 yana buƙatar barcin awa 9 zuwa 12, ɗan shekara 3 zuwa 5 kuma awa 10 zuwa 13. Yaran Legas da ake tayarwa da duhu don kar motar makaranta ta wuce su, ki lissafa baya ki gani, lokacin da kike saka makulli a ƙofa ya kamata a ce ta yi nisa a barci. In kin same ta ido biyu ki rungume ta ki ji labarin makaranta, kibod ya kwana lafiya.

Abin da zaki yi shine ki nemo minti 10 a cikin ranarta ita, ba a cikin taki ba, ki ɗaure shi a jikin wani abu da ba ya canzawa, misali ta dawo makaranta ta cire yunifom ta ci abinci ta ɗan huta, minti 10 a kibod, sai shirin Islamiyya. Kwana biyar a sati ya isa, in rannan ta dawo a galabaice a bar ta. Goggo ba sai ta san do re mi ba, aikinta ta zauna kusa ta ajiye waya ta ce "to bismillah, me ticha ya rubuta?" Shi kuma tichan ki saya masa littafi mai fallen 20 ki ce duk Asabar kafin ya tafi ya rubuta abu biyu ko uku ƙanana da kowa zai gane, irin su layi na 1 da na 2 hannun dama sau 3 a hankali, ba wai ya rubuta "a yi bitar shafi na 14" ya kama gabansa ba, kuma ya buga wurin da kansa a ɗauka a wayar Goggo don in an manta yadda sautin yake a kunna a ji. In ta gama Goggo ta ɗauki na ƙarshen ta turo miki ta WhatsApp, ke kuma kina cikin BRT ko jirgin ƙasan nan da ke tsayawa a Agege ki sa iyafis ki saurara, sakan 30 ne fa, ki mayar mata da murya, ki kira sunanta ki ce na ji, wurin nan da kike tsayawa jiya yau kin wuce shi. Ki faɗi takamaiman abin da kika ji, yara suna gane yabon da aka yi ba a saurara ba. Wallahi yarinya zata riƙa jiran wannan saƙon fiye da yadda kike zato.

Kibod ɗin ma a ina yake zama? In a cikin kwalinsa yake saman wadirob sai Asabar ake saukowa da shi toh an gama magana. A kafa shi a falo ko wani lungu da hannunta zai kai, a yafa masa ɗankwali saboda ƙura, kuma ki duba bayansa da yawansu suna cin batir, kinga ba sai an jira NEPA ko an tada janareto saboda minti 10 ba.

Lahadi kuma ta koma ranar da ita zata yi miki wasa. Ki zauna a kujera da shayinki, babanta ma in zai yarda, ta buga abin da ta ga dama, in ta yi kuskure ki haɗiye "a'a ba haka ba" ɗin nan, ki rubuta a littafin ticha shi ya gyara, aikinsa ne kuma ana biyansa. In kina so ki ga ta miƙe ta zama mutum ki ce ta koya miki, ki sa yatsa a inda ba daidai ba ta gyara miki.

Sai 'yar ƙawarki ta istatus. Allah ya ƙara mata basira, amma abin da kika gani sakan 40 ne da aka zaɓa, ba ki ga sau nawa aka goge aka sake ɗauka ba, ba ki san ko tun tana 4 ta fara ba, ko akwai mai bugawa a gidansu, ko uwar tana zaune a gida da yamma. Ko Mozart, shahararren makaɗin Turawan nan da ake ta ba da misali da shi, wanda aka haifa a Salzburg a 1756, babansa Leopold makaɗin fada ne kuma malamin bayolin da ya rubuta littafin koyarwa, yayar Mozart ɗin tana koyo a gabansa yana kallo tun yana ɗan shekara 3, kuma daga 1763 uban ya kwashi iyalin gaba ɗaya suka yi sama da shekara 3 suna zaga Turai ana nuna yaran. Gidan kacokan a kan wannan abu ɗaya ya tsaya. Ke da kike tsallaka gadar Third Mainland safe da yamma ai ba wannan rayuwar kika zaɓa musu ba, kuma ban ga laifinki ba.

Maganar gired ɗin kuma bari in warware miki don kar a riƙa tsorata ki da lamba. A Legas akwai jarrabawar MUSON, ƙungiyar kiɗan nan da aka kafa a 1983 mai cibiya a Onikan, akwai kuma na Ingila guda biyu da aka fi sani, ABRSM da Trinity, gired 1 zuwa 8. A ta ABRSM wadda ake shiga gaban mai jarrabawa maki 150 ne, 100 an ci, 120 an ci da yabo, 130 an yi zarra. Waƙoƙi uku ake bugawa kowacce maki 30, sai hawa da saukar sikel, wato jerin do re mi, maki 21, sai a ajiye wa yaro rubutun da bai taɓa gani ba ya buga nan take maki 21, sai gwajin kunne maki 18. Kinga waƙar istatus ɗin nan duk kyanta 30 ce cikin 150. Kuma babu wata doka da ta ce ɗan shekara kaza dole ya kasance a gired kaza, ɗan 7 yana zana gired 1, mai shekara 50 ma yana zanawa, ana ma iya tsallake gired a shiga na gaba in an shirya. Akwai wani ɗan gwaji da suke yi kafin gired 1 wanda babu ci babu faɗuwa, sharhi kawai ake rubuta wa yaro a ba shi takarda, in ma kuna son ɗanɗanawa nan gaba da shi za a fara. Abin da nake ƙi da gaggawar jarrabawa shine sai a kwashe shekara guda ana ɗura wa yaro waƙoƙi ukun nan har ya haddace su da yatsa, ya samo satifiket a manna a falo, amma ka buɗe masa sabon shafi ya tsaya yana kallonka. Ga kuɗin rajista ba na wasa ba. 'Yarki bana babu ruwanta da jarrabawa.

Namijin kuwa ki cire shi daga lesin ɗin gobe-goben nan, shigewa ƙarƙashin tebur ɗin amsa ce ya ba ki. Na san za a ce miki ai akwai yaran da ke farawa tun suna 3, gaskiya ne, tsarin Suzuki kenan na wani malamin Japan, Shinichi Suzuki, wanda ya rasu a 1998, shi ya ce yaro zai iya koyon kiɗa yadda yake koyon harshen uwa, da ji da kwaikwayo, rubutu sai daga baya. Amma masu faɗa miki basa ƙarasa zancen, a tsarin nan uwa ko uba yana zama a kowane lesin yana rubutawa, shi ne malamin gida kullum, kuma kullum ana kunna wa yaron waƙoƙin yana ji. Wannan ba naki ba ne a yanzu, shikenan. Shi kansa Suzukin ma sai da ya kai wajen shekara 17 ya fara taɓa bayolin, don haka zancen wai ɗan shekara 4 zai makara ki ajiye shi gefe.

Mu ma nan ai ba haka ake yi ba. A gidan makaɗa a Arewa yaro yana daɗewa yana bin manya wajen biki, yana ɗaukar kaya, yana cikin 'yan amshi, in an ba shi abin bugawa ƙarama ce irin kanzagi, ya riƙe bugu ɗaya ya yi ta maimaitawa manya suna hawa a kai. Maƙwabtanmu Yarbawa ma haka, ki lura ranar Asabar in ana bikin owambe a layinku, mai babbar gangar da suke kira iya ilu shi ke magana da ita, matasan da ke gefensa ƙananan omele ne a hannunsu, kuma a gidajen Ayan da suka gaji kiɗa daga nan yaro yake farawa, kunne ya cika tukuna. Toh ɗanki a ba shi robar fenti da ludayi, a yi tafi da shi, a yi masa waƙoƙin wasa, in yayarsa tana bita ya zauna a ƙasa da motarsa yana ji in dai bazai dame ta ba. Ya kai 6 ko 7 in ya nuna yana so a sa shi, in bai nuna ba a bar shi da ƙwallonsa.

Tichan ban san shi ba bazan yanke masa hukunci daga nan ba, amma awa ɗaya cur a kan kujera ta yi wa 'yar shekara 6 yawa, minti 30 shine abin da aka saba ba masu farawa ƙanana. In daga nesa yake zuwa ya ce rabin awa bata biyan kuɗin motarsa, toh ku daidaita, a yi minti 25 a kibod, a tashi a sha ruwa, a yi wasan tafi da rera do re mi a tsaye, minti 10 na ƙarshe kuma naki ne ke da Goggo ya nuna muku aikin sati. Ki tambaye shi kai tsaye, Malam nan da wata 3 me kake so ta iya? Mai sanin aikinsa zai lissafo miki abubuwa ƙanana da zaki iya dubawa, wanda ya ce miki "zata iya komai Madam" ko ya fara zancen jarrabawa ki sa masa ido. Ki kuma tambaye shi ko ya taɓa koyar da 'yan shekarunta, don Legas cike take da gwanayen kibod da suka koya da kunne a coci ko a ƙungiyar makaɗa, hannunsu kamar me, amma iya bugawa daban iya zama da ƙaramar yarinya daban. Asabar biyu ki zauna a falon kina yanke farce ko wani abu kina saurare. Shi ke ta bugawa yana burge kansa ko ita? Yana latsa waya? Yana daka mata tsawa? In kuwa kika ji ko Goggo ta gaya miki yana buga mata rula ko biro a yatsu, ranar ya gama aiki a gidanki, babu wani a ba shi dama ta biyu. Kuma ko waye shi, ko shekara nawa kuka yi tare, lesin a falo ake yi ƙofa a buɗe da babba a wurin, ranar da babu kowa a gida babu lesin.

Abu ɗaya da zan so ki duba ta gefen lafiya, in kin ga tana matso da fuska jikin littafin ko tana ƙanƙance ido, ko sai an maimaita mata magana, a kai ta a duba ido da kunne, ɗige-ɗigen nan ƙanana ne kuma wani lokacin a nan ake fara gane yaro yana buƙatar gilashi.

Hajiya kuma kar ki ji haushinta, a inda ta tashi kiɗa sana'ar gado ce kuma a haɗe take da roƙo, jikarta take karewa da abin da ta sani. Amma ba ke zaki yi mata bayani ba, ɗanta ne zai kira ta ya ce Hajiya darasi ne irin na makaranta, a falo ake yi, kuma bai taɓa lokacin Islamiyya ba, ke naki gaisuwa da "in sha Allahu Hajiya za a kula". Kar dai ki koya wa yarinya ɓoye kibod in kaka ta zo, wannan ya fi komai lalata tarbiyya. Ta fuskar addini kuma kinsan malamai sun yi maganganu a kan kayan kiɗa kuma basu haɗu a kan magana ɗaya ba, ku zauna ke da maigidan ku tambayi malamin da kuka yarda da shi ku tsaya a kan abu guda. In kuka yanke a bari toh a gaya mata gaskiyar dalili daidai hankalinta, kar a bar ta da tunanin wai don ta kasa ne aka sallami ticha.

In kuma damuwar maigidan kuɗi ce kawai, ki je masa da lissafi tunda ke ma'aikaciyar banki ce. An cire yaro ɗaya, an rage tsawon lesin, babu rajistar jarrabawa, kuɗin ya sauka. Ki ce ya ba ki zango ɗaya na makaranta a kan sabon tsarin, ki ɗauki bidiyonta wannan Asabar ɗin ki ajiye kar ki ɗora a ko'ina, ƙarshen zango ki sake ɗauka ku kalli biyun tare ku kaɗai. In a lokacin har yanzu tana jin ticha ya ƙwanƙwasa ƙofa sai ciwon ciki ya tashi, ko Goggo sai ta yi ta fama kafin ta zauna minti 10 ɗin, a gwada canza ticha sau ɗaya, in an canza abin bai canza ba a dakata da lesin har ta ƙara shekara ɗaya ko biyu. Kibod ɗin dai kar ki sayar, a bar shi a inda yake da batir a ciki, da yadda kaya ke tashi a kasuwar Alaba in kika sayar yau ba lallai ki iya sayen irinsa baɗi ba.